Abin da siton tsingaro ya koya min

Mutane in sun ji kana koyar da ilimin kufai a jami'a sai su ɗauka kullum kana daji kana tono kawunan Nok, wato kawunan mutum-mutumin yumɓu da mutanen da suka ƙera, alhali rabin aikin a sito yake cikin ƙura. Da aka damƙa min makullin siton sashenmu yawanci tsingaro na tarar buhu buhu, sai kashin maƙera da duwatsun niƙa, kuma gara ta cinye takardun wasu kwalayen tas, ba sunan kufai ba shekarar tono ba zurfin rami. Kayan na nan lafiya lau amma wallahi ba ka isa ka ce komai a kansu ba.

Shi ya sa yanzu kowace leda takarda biyu nake sa mata, ɗaya ciki ɗaya waje, da fensir don biro na dushewa, sannan a rubuta a rajista a kuma shigar a kwamfuta, in ɗaya ta ɓata ɗaya na nan.

Ɗalibai kan yi ƙorafi wai wahalar ta yi yawa kan fasasshiyar tukunya, sai in kawo musu zancen Nok. Tun 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da mutum-mutumin Nok na farko, kan da aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kufai, a Jos a 1943 ma a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Daga baya ɓarayin tono sun kwashe da yawa zuwa Turai, ga kyau amma ba wanda ya san ramin da suka fito. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt kuwa da suka fara aiki a 2005, gawayi da ƙonannen gero suka riƙa tattarawa rami rami, da auna shekarunsu aka gane tarihin Nok ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Lacca kaɗai ba ta zama a kai. Ina zube musu tsingaro a tabarma, kowa da tsohon buroshin haƙori da roba, su wanke su ware baki daban ciki daban gindi daban. Zanen igiya kuwa sai na kawo yumɓu ɗanye suka murza igiya a kai da tafin hannu, wata ɗaliba ta ce ai Malam haka kakata ke yi wa tulu har yau, nan take na ce aikinta na kammala karatu ya samu.

Gawayi dai ba a wanke shi, a naɗe a ajiye a bushe. Aro kuma ko farfesa ne sai ya sa hannu a littafi da ranar dawowa, ana jin haushina kan wannan amma ban fasa ba.