Talata, filtar Alhaji

Ban ma gama share kanta ba Alhaji ya dire mini leda a gaba, filtar gas a ciki tana ɗigar mai. "Ɗan nan, jabu ka sayar mini. Tun jiya tarakta ta ƙi tashi, ga ruwa ya sauka, mutane sun biya kuɗin huɗa suna jira."

Na ce ranka ya daɗe, bari in duba. Filta mai lamba CAV 296 ce, irin wadda taraktarsa Massey Ferguson (MF) 375 mai injin Perkins ke ɗauka, kuma lafiyarta ƙalau. Da na juyo samanta sai ga babbar roba an danna ta a bakin filtar. Ashe nan gizo ke saƙar. Robar sama ba a jikin filta take zama ba, cikin ramin murfin da ake ɗaura filtar a jikinsa ake cusa ta, bayan an zaƙulo tsohuwar da tsinken waya. In aka ɗora ta a kan filta, ta toshe hanyar mai ke nan. In kuma aka bar tsohuwar aka ƙara sabuwa a kanta, iska ta samu ƙofa.

Ya ce yaronsa ya yi ta buga sata don tada injin har batir ya mutu. To ai dole. Ko an sa robar daidai, sai an fitar da iska. A sassauta notin kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki har gas ya fito ba kumfa, a ɗaure. Sai noti biyu na jikin babban famfon da ke tura wa nozul gas, na ƙasa tukuna, sannan na sama. Daga nan a sassauta bututun nozul biyu, a buga sata har gas ya tsarto, a ɗaure. In an ji hannun famfon sakayau ba ya turo komai, a ɗan juya injin kaɗan a sake gwadawa. Kuma notin tsakiya da ke riƙe filtar kar a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, kofin gilashin ƙasa tsagewa yake yi.

Na rubuta masa a bayan rasit, na ba shi sabbin robobi. Bai ce komai ba, ya dai karɓa.

Sauran yinin, na sayar da boris ɗin faifan garma guda biyu, gwangwanin giris ɗaya. Wani ya zo neman kulochi ba lambar jikin tarakta, wai "ja ce dai". Ta Pakistan ce ko ta Ingila? Bai sani ba. Na ce ya ɗauko hoton farantin lambar a waya.

Da la'asar Alhaji ya bugo, ina jin injin na ruri a bayansa. Sai murna yake.

Ni kuwa abin bai sake ni ba. Jiya da yaron ya zo saye na ga yana jujjuya robobin a hannu, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na lura sarai. Ina ta sauri in rufe in tafi masallaci, na miƙa masa canjinsa kawai.