Abin da Sunayen Tirakawa Suka Koya Mini

Sa'ad da nake karatun digiri na biyu a fannin tarihi, malamin da ke duba aikina ya ba ni tarin rubuce-rubucen da aka kwafo daga duwatsun kaburbura da allunan tagulla na Tirakawa, mutanen da suka rayu a yankin da yau ya haɗa Bulgeriya da arewa maso gabashin Girka da ɓangaren Turkiyya na Turai. Ya ce in ware waɗanda suka samu 'yancin zama 'yan ƙasar Rum daga waɗanda ba su samu ba. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, saboda haka duk wanda na gani da sunan Latin sai in sa shi a sahun 'yan ƙasa, wanda kuma ke da sunan kakanninsa kaɗai in bar shi a ɗaya sahun.

Da na kai aikin, sai Malam ya ɗora yatsa a kan suna guda, Rufus Sita, ya tambaye ni hujjata. Na ce, "Malam, ai Rufus sunan Rumawa ne." Ya ce in sake karanta dutsen har ƙarshe. Wannan mutum mahayin doki ne a runduna ta 6 ta Tirakawa, an samu dutsen kabarinsa a Gulosta ta Ingila, kuma ya mutu yana da shekara 40 bayan ya yi shekara 22 a soja. Ka'idar Rumawa ita ce sojan da ba ɗan ƙasa ba yana samun wannan 'yanci ne bayan ya cika shekara 25 yana hidima, a ba shi shaida a kan allon tagulla. Ga shi kuma ba shi da sunan dangi, wanda shi ne ginshiƙin sunaye ukun da cikakken ɗan Rum ke ɗauka: sunan farko, sunan dangi, da laƙabi. Ke nan saura shekara uku ajali ya riske shi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin da alƙalamina na ba shi abin da ya mutu yana jira, don kawai na tsaya a kalmar farko.

Daga nan na mai da hankali kan sunan dangi, na kuma gane cewa yana nuna hanyar da 'yancin ya shigo gida. Sabon ɗan ƙasa yakan ɗauki sunaye biyu na sarkin da ya ba shi, ya mayar da sunansa na haihuwa laƙabi. Gidan sarautar Tirakiya ne ya riga kowa, shi ya sa ake samun sarkinsu mai suna Gayus Yuliyus Rometalkes. Bayan sarki Kalaudiyus ya mayar da ƙasar lardin Rum a shekara ta 46 miladiyya, sai sunan Tiberiyus Kalaudiyus ya bayyana a tsakanin hakiman yankuna, waɗanda Rum take bukatar biyayyarsu. Sunan Ulfiyus na komawa ga sarki Tarajan, Eliyus ga sarki Hadiriyan. Sai dai a nan ma na kusa yin tuntuɓe, domin jika yana gadon sunan kakansa. Sunan yana faɗin lokacin da gidan ya samu 'yanci, ba lokacin da mai dutsen ya rayu ba.

A shekara ta 212 sarki Karakala ya ba kusan duk 'yantattun mutanen daular wannan matsayi, ko da yake masanin tarihi Kasiyus Diyo ya ce neman ƙarin haraji ne ya sa shi. Tun daga lokacin sunan Aureliyus, wato sunan dangin da Karakala ke ɗauke da shi, ya cika duwatsun, har ya daina bambanta kowa da kowa.

Abin da ya fi daɗewa a raina shi ne yadda sunayen gida irin su Bitus da Diza da Mukataralis suka ƙi ɓacewa. Da farko ina kallon sunan Latin a matsayin alamar cewa mutum ya bar asalinsa, alhali ni kaina na tashi cikin mutanen da ke amsa sunan yanka na Larabci da kuma Tanko ko Ladi ba tare da ɗayan ya kori ɗaya ba. A shekara ta 227 wasu dogaran sarki 'yan asalin Filifofolis, wato Folobdif ta yau a Bulgeriya, suka kafa dutse a birnin Rum don girmama abin bautarsu na gida, Asklefiyus Zimidrenus. Suna ɗauke da sunan Markus Aureliyus, suna tsaron fadar daula, amma a gefen sunan kowannensu an rubuta ƙauyen da ya fito. Bayan na karanta wannan dutse sai na ƙara wa jadawalina gurbi na uku, na garin haihuwa, na sake aikin tun daga farko.