Inda na kai da kiɗan buɗe fagen Freischütz

'Yan'uwa masu koyon piyano, sannunmu da ƙoƙari. Har yanzu ina kan tsohuwar takardar nan ta kiɗan buɗe fagen Der Freischütz, operar Carl Maria von Weber, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa, da aka fara nunawa a Balin ranar 18 ga Yuni, 1821. Labarin maharbi Max ne, wanda ya karɓi harsasan tsafi daga hannun abokinsa Kaspar don ya ci gasar harbi ya auri Agathe. Weber ya rubuta kiɗan ne don cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, takardar da ke hannuna kuwa wani ne ya matse shi ya koma na yatsu goma.

Takardar ta yi ja, ga ɗigo-ɗigon tsufa, kuma ba a buga mata shekara ba, kamar yawancin takardun kiɗa na ƙarni na 19. Sai dai akwai lamba a ƙasan kowane shafi, lambar farantin ƙarfen da aka zana kiɗan a kansa, da ita masana ke ƙiyasta lokacin bugu. Na ɗauki hotonta na buga a sabuwar takarda, a nan nake rubuta lambobin yatsu. Fensir ba zai taɓa ta asali ba.

Sashen farko mai tafiyar hawainiya ya zauna a hannuna. Wahalarsa ɗaya ce: Weber ya fara da dogon sauti da ke tashi daga raɗa ya kumbura, piyano kuwa da ka danna maɓalli sautin ya fara mutuwa. Abin da na samu ya yi aiki shi ne in taɓa na farko a tausashe ƙwarai, in ba na gaba nauyi, kunne ya cike giɓin da kansa. Waƙar ƙahoni huɗu da ke biye, a C mejo, wato jerin sautuka mai haske da ya ginu kan C, ita ce wurin da na fi so. Ku jingina nauyin hannu kan ƙaramin yatsa don sautin sama ya fito, in ba haka ba komai ya cakuɗe.

Inda na daɗe shi ne shigowar Samiel, baƙin maharbi, shaiɗanin da ke bayan harsasan tsafin. Masu goge suna karkarwa a kan sautuka huɗu, F shap, A, C da E filat (shap ɗaga sauti ne kaɗan, filat kuma sauke shi), tambura da manyan goge na ƙasa suna bugun A a hankali. Mai tsara takardata ya mayar da karkarwar jujjuya hannu tsakanin babban yatsa da ƙarami. Idan aka bi tawadarsa sak da piyanon yau, ƙara ce kawai ke fita, don kayan zamaninsa ba su da kaurin murya irin na namu. Yanzu ina barin yatsu a kwance kan maɓallai, motsin daga damtse yake fitowa, feda mai tsawaita sauti kuma rabi nake takawa. Tsoro ake so mai sauraro ya ji a nan, kuma tsoro ba ya zuwa da hayaniya. A ganina duk mai koyon irin wannan takarda ya fara sauraron ƙungiyar makaɗa tukuna, ya san wace murya ce ke bayan kowane layi, sannan ya yanke abin da zai rage. Ni na zubar da wasu ninkin sautuka a hannun hagu, ban kuma ji an yi asarar komai ba.

Sashe mai sauri, a C maino, wato jerin C mai duhu, yana nan rabi da rabi. Bugun rakiyar yana faɗowa ne tsakanin ƙirga, shi ya sa nake ƙirgawa da baki da rabin gudun da ake so. Shigowar kilarinet, abin busa mai kama da algaita, a E filat ta fara yin daɗi. Waƙar Agathe kuwa hannun dama ya iya, na hagu ne ke jan ƙafa.

Ƙarshen, inda komai ke yin tsit sannan C mejo ta fashe da ƙarfi, ban taɓa shi ba tukuna, sai na gama da hannun hagun nan. Wanda yake da takardar da aka tsara wa mutum biyu a piyano ɗaya, don Allah ya duba mini yadda aka raba karkarwar Samiel tsakanin hannuwa huɗu, ina so in gwada da nawa.