Lissafin gonar ƙaramin manomi: inda kwamfuta take ɓata hanya

Idan ka zuba bayanan gona a kwamfuta ka ce ta nemo riba mafi tsoka, galibi amsarta ɗaya ce: a cika gonar da amfani guda. Manomi kuwa gero da dawa da wake yake haɗawa a gona ɗaya, ga tumaki a turke. Giɓin yana cikin sharuɗɗan da aka manta a saka.

Na farko hannun aiki. Binciken David Norman, masanin tattalin arzikin noma, a ƙauyukan Ɗan Mahawayi, Doka da Hanwa da ke ƙasar Zazzau, a shekarun 1960, ya nuna cewa ciyawar Yuni da Yuli ce take ɗaure manomi. Saboda haka kada ka saka aikin shekara dunƙule. Raba shi mako biyu-biyu, noman firi daban, maimai daban. In ka dunƙule, lissafin zai ari hutun rani ya yi noman damina da shi.

Sai rumbu. Ka tilasta wa lissafin ya ware abincin gida kafin kasuwa, misali buhu biyu mai kilo 100 ga kowane baki a shekara.

Kasada ita ce mai wuya. Hanyar lissafin kasada mai suna MOTAD, da masanin tattalin arzikin noma Peter Hazell ya fitar a 1971, tana auna yadda kuɗin shiga yake hawa da sauka tsakanin shekaru, don haka tana buƙatar bayanan amfani da farashi na shekaru da dama, har da na fari. Shekarun albarka zalla ba sa nuna komai. Nan ne darajar haɗa amfani a gona ɗaya take fitowa: gero yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke a Satumba ya riga ya shiga hannu, dawa ce take jira. Kuma a saka "gero da wake" a matsayin sana'a guda mai nata alƙaluma, domin inuwar gero tana rage waken.

Harawa da kara su ma a yi musu farashi, haka takin da dabbobi suke mayarwa gona. In an bar su sifiri, wake mai yaɗo zai fita kamar asara, alhali harawarsa ce kiwon ragon layya.

Abin da aka fi tsallakewa, a ganina, shi ne waye mai yanke shawara. Gandu na maigida ne, gayauna ta ɗa ce, awaki sau da yawa na matan gida ne. Kuɗin akuyar uwargida ba lallai ya sayi takin gandu ba, don haka kowane aljihu a ba shi nasa layi a lissafin.