Gyaren da ke Cikin Kunnen Baffa

Tun ina yaro na san cewa baffana ba ya barci sai da rediyo kusa da matashinsa, kuma ba tasha yake kamawa ba. Yakan murɗa allurar har ta faɗa tsakanin tasha da tasha, inda babu abin da ake ji sai shuuu, sannan ya rage murya ya kwanta. Mun ɗauka wata ɗabi'a ce da ya taho da ita daga bariki. Sai bayan na girma, a wani dare da aka ɗauke wuta batir kuma ya ƙare, na tarar da shi zaune a tsakar gida wajen ƙarfe biyu, na ce, "Baffa, lafiya ba ku kwanta ba?" Ya ce, "Ɗana, akwai gyare a kunnena tun Laberiya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa yin shiru ba."

Baffa yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka, da aka tura Laberiya a 1990, kuma a bakin igwa ya yi aikinsa. Abin da yake kira gyare shi likitoci ke kira tinitus, wato mutum ya riƙa jin ƙara alhali babu abin da ke yin ta a waje. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi waɗanda ke aika saƙon sauti zuwa ƙwaƙwalwa, kuma idan ƙara ta lalata su ba sa sake tsirowa. Ƙarar da ta kai desibel 85, a ma'aunin ƙarfin sauti, tana yin illa idan aka wuni cikinta kullum, ita kuwa bindigar soja tana iya zarce 150 a harbi ɗaya. Masana da dama na ganin cewa idan saƙon ya ragu, ƙwaƙwalwa ce ke ƙara wa kanta ƙarfin sauraro, har ta fara jin abin da babu shi.

A Amurka wannan ce larurar da ta fi kowace yawa cikin waɗanda ake biyan 'yan mazan jiya diyya a kansu, domin masu karɓa sun haura miliyan 2. Shi ya sa ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasar ta ɗauki lamarin da muhimmanci, kuma a cibiyarta ta binciken ji da ke Portland a jihar Oregon, James Henry da abokan aikinsa suka tsara hanyar kulawa mai matakai 5, wadda mafi yawan masu larurar ba sa buƙatar kaiwa ƙarshenta. Da na karanta yadda ake koya wa sojojin amfani da sauti, sai na ga Baffa zaune a gabana. Ana koya musu sauti iri uku: mai kwantar da hankali kamar saukar ruwan sama, da wanda ake bari yana tafiya ba tare da an kula da shi ba kamar ƙugin fanka, da mai jan hankali kamar hira ko labarai. Rediyon Baffa na cikin iri na biyu, kuma ya gano hakan da kansa ba tare da wani ya koya masa ba.

Hikimar abin tana cikin sunan da ya raɗa wa ciwon. Gyare ɗaya a ɗaki cikin dare yana iya hana mutum barci, amma da za a kai shi tsakiyar kasuwa, ko da bai rage kukansa ba, babu mai lura da shi. Sautin ba ya kashe ƙarar, tazarar da ke tsakaninta da shiru yake ragewa. A shekarun 1970 wani masani, Jack Vernon, ya yaɗa na'urorin da ke rufe ƙarar, daga baya wani masanin, Pawel Jastreboff, wajen 1990, ya zo da ra'ayin cewa kada a rufe ta gaba ɗaya, a bar mutum yana ɗan jin ta, domin ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da abin da aka ɓoye mata. Wannan ra'ayin ya fi kwanta mini, ko ba komai yana hana mutum ƙure murya har ya ƙara wa kunnensa rauni.

Wajibi ne kuma in faɗi iyakar abin, saboda na ga masu tallar na'urori suna alkawarin warkewa. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta wallafa a 2018, wadda ta duba bincike 8, ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sauti shi kaɗai yana magance matsalar ba. Hujja ta fi ƙarfi ga zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ke koya wa mutum rage tsoro da damuwar da ƙarar ke jawowa, shi ya sa tsarin na Portland ya haɗa biyun. Wanda kuma ƙarar ke bin bugun zuciyarsa, ko take a kunne ɗaya kawai, ko jinsa ya ɗauke farat ɗaya, likita ya kamata ya gani da gaggawa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun da Baffa ya yi yana ɓoyewa, yana tsoron a ce taɓin hankali ne ko shafar aljanu. Da muka kai shi gwajin ji, aka tarar ya daina jin siraran sautuka, musamman a kunnen hagu, aka kuma bayyana masa daga ina gyaren ya fito. Yanzu yana sa na'urar ƙara ji da rana, ya ce ƙarar takan ja da baya idan muryoyin jikokinsa suka cika gidan. Na saka masa sautin ruwan sama a waya domin dare, ya gwada kwana biyu ya maido mini da ita, ya ce in sayo masa batir.