Ranar Asibitin Baba

Talata. Tun kafin bakwai muka kama layin kati ni da Baba, bai karya ba saboda za a yi masa awon suga. Awon hawan jini ya nuna 152/94, suga kuma 112. Likita ta ce ciwon suga sai awo ya kai 126 kafin a ci komai, amma wanda ya haura 100 ya riga ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce a zazzage ledar magungunansa a kan tebur. Ga atenolol, ga ƙaramin nan mai sa yawan fitsari, hydrochlorothiazide, waɗanda ya daɗe yana saye a kemis da tsohuwar takarda. Ta ce duka biyun suna sauke jini, amma suna iya tura suga sama. Mai sa fitsarin yana zubar da sinadarin fotasiyam, idan kuwa ya yi ƙasa, jiki ba ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata. Su lisinopril da losartan kuma, su ma na hawan jini ne, amma wajen suga akasin haka suke. Ta ambaci wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2021, wanda ya nuna waɗannan suna rage haɗarin kamuwa da suga da kusan kashi 16 cikin 100, amlodipine kuwa, shi ma na hawan jini, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Lisinopril ya taɓa sa Baba busasshen tari har ya hana mu barci, don haka ta rubuta losartan haɗe da amlodipine, tunda a jikin baƙar fata losartan shi kaɗai bai cika sauke jini sosai ba. Atenolol kuma ta ja kunne kada a yanke shi rana ɗaya, a hankali za a janye.

Baba dai abu ɗaya ya kama. Da la'asar na tarar yana zuba suga cokali uku a koko. Na ce, “Haba Baba, yau fa?” Ya ce, “Ai likita ta ba ni mai hana suga.” Ni a ganina maganar kashi 16 ɗin nan ba don kunnen tsofaffi aka yi ta ba. Da ƙyar Umma ta karɓe gwangwanin.

Nan da mako biyu za mu koma gwajin ƙoda da fotasiyam. Kuɗin losartan ya fi na da, sai na kira Yaya mu raba.