Abin da fatalwowin Dragsholm suka koya mini a ajin tarihi

Gidan sarautar Dragsholm da ke tsibirin Sjælland a ƙasar Danmak ya yi suna da fatalwa, har masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su kwana, don yanzu otel ne. Da aka ba mu aikin rarrabe tarihi da ƙanzon kurege a kwas ɗin nazarin majiyoyi, shi na ɗauka.

Tarihin ginin bai ba ni wuya ba. Bishop na Roskilde ya gina shi wajen 1215, bayan 1536 ya koma hannun sarki, aka mai da shi kurkukun manya. A nan aka tsare James Hepburn, mai sarautar Bothwell, mijin Sarauniya Mary ta Sikotlan na uku, daga 1573 har ya mutu a 1578. Gawar da ake cewa tasa ce tana cocin Fårevejle, nan kusa. Wai har yau ana jin ƙarar kofato da keken dokinsa a farfajiya cikin dare. Wannan "wai" ce kaɗai ba ta da takarda.

Fatalwowi mata biyu da ake ba da labarinsu a gidan ne suka tsayar da ni. Ɗaya baranya ce, mai toka-tokan kaya, wadda aka ce ciwon haƙori ya hana ta sakat, aka yi mata magani a gidan, shi ne take dawowa tana duba ko komai lafiya. Fatalwar godiya ke nan, abin har da ban dariya. Ɗayar 'yar mai gida ce, ta so talaka, uban ya sa aka gine ta cikin bango da ranta. Masu ba da labarin kan ƙara da cewa ma'aikata sun tono ƙwarangwal da farar riga a shekarun 1930.

Malamarmu ta zagaye wannan jimla da jan biro, ta rubuta a gefe: wa ya gani, wa ya rubuta, yaushe? Tun daga nan nake yi wa kowane labari tambayoyin nan uku. Amma ban yarda a zubar da na matan ba. Hepburn yana da wasiƙu da ranar mutuwa saboda babba ne. Baranya kuwa ba mai ɓata tawada a kanta, sai bakin mutane ya riƙe ta. A rahotona na ware musu babi daban, na rubuta su a matsayin shaidar abin da mutanen yankin suke ganin uba mai iko zai iya yi wa 'yarsa.